Kwabon da ke Cikin Kwalbar Baba

A unguwarmu ba mai kiran mahaifina da sunansa. Jira-tukuna ake ce masa, manya da yara, kuma ko a jikinsa. Ma'aikacin ruwa ne, irin waɗanda ke haƙa rami a gefen titi su shimfiɗa bututu, a can kuma ya samo sunan. In suka tono tsohon bututu suka tarar noti ya ci tsatsa ya ƙi motsi, samarin cikinsu sai su ɗauko sifana su hau murɗa da iya ƙarfinsu. Baba sai ya ɗaga hannu ya ce, "Jira tukuna." Ya ɗiga wa notin mai, ya nemi inuwa ya zauna. Abokan aiki na tsaki, matan layi na tsaye da bokitai suna harararsa, shi kuwa yana gyara igiyar takalmi. Sai ya ga mai ya ratsa sannan ya tashi, ya ɗora sifana, noti ya juya salin alin. Ya yi ritaya bai taɓa karya bututu ba, bai kuma taɓa gama aiki a lokacin da aka so ba.

Wannan mutum ne Allah ya haɗa da Inna. Ita in ta aike ka, kafin ka sami takalminka ta je ta dawo, tana kuma yi maka faɗa. Abin da ta tsana a duniya shi ne ta ga baƙi a gindin tukunya. Da soson ƙarfe, da toka, da ɓarin lemun tsami take bin kayan girkinta har sai ta ga fuskarta a ciki. Tukwanen gidanmu ba wuta ke kashe su ba, gurza ce ke huda su. Baba yana ce mata Sarkin Tsafta, ita kuma tana ce masa Malam, amma yadda take jan kalmar ya isa ka san ko yau da lafiya. Ni ce babbar 'yarsu, kuma halin Inna na ɗauko kaf, don haka kada a zaci na taso ina yaba wa Baba. Na sha tsayawa a bakin ƙofa da kayan makaranta, raina na tafasa, yana neman hularsa a tsanake.

Ina firamare ya dawo gida da kwabon. Sun yi haƙa mai zurfi a bayan tsohuwar kasuwa, shebur ɗinsa ya tono wani ɗan ƙarfe mai faɗin murfin kwalbar lemo, ya sa a aljihun kakinsa. Inna ce ta ci karo da shi wurin wanki, saura kaɗan ta wurga shi a shara. Ba ka ganin komai a jikinsa sai wani ɓawo kore mai tauri, ya lulluɓe shi gaba da baya.

"Kwabon mutanen da ne," in ji Baba. "An ce irinsu da kan sarki ake buga su. Ina so in ga fuskarsa, in san sunansa."

Inna ta juya shi a tafinta ta ce, "Wannan ai ƙanzo ne kawai. Ba ni shi, kafin ruwan shayinka ya tafasa na fito maka da sarkin."

Kun san amsar da ya ba ta.

Ya sami kwalbar zuma da ta ƙare, ya wanke, ya tsiyayi man girkin Inna tana mita, ya jefa kwabon ciki, ya ɗora a saman sif kusa da rediyo. Shi a wurinsa kwabo da noti duk ɗaya ne: ƙarfe ne da ya daɗe a ƙasa, lallashi yake so. Duk ranar da ba aiki, in ya karya, sai ya zauna a dokin ƙofa inda haske ya fi, ya shimfiɗa tsohuwar singileti a cinya, ya ɗauko tsinken sakace ya dinga taɓa ɓawon a hankali. Abin da yake cirewa a zama guda bai kai ƙwayar riɗi ba. Sai ya goge da yatsa, ya mayar cikin mai, ya tashi fuskarsa fal annuri kamar wanda ya gama ginin gida. In man ya koma kore ya zubar ya sake wani, Inna ta sake sabuwar mita.

Na gama makaranta kwabo yana cikin kwalba. Na yi aure, na haihu, yana nan. Autanmu, wanda aka haifa bayan zuwan kwabon, har ya yi gemu. Shi ne ma ya raɗa masa suna Yaya, wai ai ya girme shi a gidan. In ya shigo sai ya ɗaga kai ya kalli saman sif ya ce, "Yaya, an tashi lafiya? Har yanzu wankan ake?" Baba ya yi murmushi ya ce, "Gaishe shi da kyau, zai fito ya same ka."

Sau ɗaya na taɓa tambayarsa da gaske me ya gani a wannan wahala. Ya ci gaba da taɓa ɓawon da tsinke.

"Duk aikin da na yi a duniya binne shi na yi," ya ce. "Ki bi titunan garin nan, ba inda za ki nuna ki ce ga aikin ubana. Wannan kaɗai na tono na riƙe. Wani ne ya yar da shi, ya laluba aljihu bai ji shi ba, ransa ya ɓaci. Ya kamata a ce wani ya san ko na wane ne."

Tun daga ranar na daina shiga cikin masu yi masa dariya.

Bayan ritayarsa da 'yan shekaru muka fara lura yana cin karo da gefen ƙofa. Ya zuba shayi a gefen kofi ya ce kofin ne ya matsa. Da ƙyar muka kai shi asibiti, likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma an makara. Ganinsa yana ƙanƙancewa ne daga gefe, magani zai rage masa gudu, amma abin da ya tafi ya tafi. A hanyar dawowa Baba ya ce mini yanzu duniya kamar ta cikin bututu yake leƙenta, kuma bututun kullum ƙara tsukewa yake.

Da muka iso gida ko ruwa bai sha ba ya ce a sauko masa da kwalba. Ya zauna a dokin ƙofa, ya shimfiɗa singileti, ya kai tsinke, tsinken ya sauka a kan yatsansa. Ya sake, ya sake kuskurewa. Ya mayar da kwabon cikin mai ya rufe.

"Da alama ni da sarkin nan ba mu da rabon ganin juna," ya ce, ba wani ɗaci a muryarsa.

Inna tana kicin, ƙofa a buɗe. Na ji ƙarar ludayi ta tsaya.

Washegari da hantsi na zo duba shi, na tarar Auta ya raka shi sayen maganin ɗiga wa ido. Gidan shiru. Na zagaya bayan kicin inda ake wanke-wanke, sai ga Inna a kan kujerar tsuguno, hannayenta a cinya. Tunda nake ban taɓa ganin hannuwan nan a zaune ba aiki ba. Ga ɓarin lemun tsami a ƙasa, ga toka, ga soson ƙarfe. A kan murfin bokiti kuma ga kwabon Baba, gefe guda yana walƙiya ja jawur, sumul kamar bayan cokali.

"Na gan shi," ta ce, ba ta ɗago ba. "Wallahi na ga hancinsa, na ga kamar gemu. Na ce bari in ƙara sau ɗaya ya fito sosai, Malam ya gani tun idon bai rufe ba. Ina ƙarawa ya tafi."

Na ɗauki kwabon na karkata shi ta ko'ina. Ba hanci, ba gemu, sai zanen soso. Tausayinta ya kama ni fiye da na Baba, don na san da ni ce a gidan da abin da zan yi ke nan.

"Yanzu me za ki ce masa?"

"Abin da na yi mana. Akwai wani abu ne?"

Da suka dawo ba ta bari ya zauna ba. Ta kama kwabon ta sa masa a tafin hannu ta ce, "Malam, na ɓata maka." Wannan karon ba ta ja kalmar ba.

Baba ya shafa babban yatsansa a kan wurin da ya yi sumul. Ya shafa, ya sake shafawa. Ban ga fushi a fuskar Baba ba, kuma hakan ya fi fushi zafi a wurina. Can ya juya kwabon, yatsansa ya ji kaushin ɓawo.

"Bayan fa?"

"Ban taɓa shi ba."

Ya nisa. "To, da sauran magana. Idona ba zai iya ba, naki zai iya. Hannunki ne dai abin tsoro."

Haka Inna ta shiga koyon aiki a wurin mijinta bayan furfura ta gama cika mata kai. Kowace safiya su biyu a dokin ƙofa, ita da singileti a cinya da tabarau a karan hanci, shi a gefe ya karkata kunne. Ba ya ganin aikin, amma yana ji. Da ta ɗan danna sai ya ce, "Ina jin ki fa, Sarkin Tsafta. Tukunya kike kankarewa."

"Malam, ka bar ni in ji da abu ɗaya."

"Taɓa shi za ki yi, kamar kina cire wa jariri kwantsa. In ya ƙi, mayar da shi ya sha mai."

"Shekara nawa yana shan man nan? Ni ko rabinsa ban sha ba a gidan nan."

A makon farko ta karya tsinkaye cike da hannu. Sau da yawa takan miƙe ta zagaya tsakar gida tana huci, ta dawo ta zauna. Abin da ya taimake ta shi ne man shekaru ya riga ya yi rabin aikin, ɓawon ya yi laushi, yana ɓantarewa kaɗan-kaɗan. Amma kaɗan ɗin ne ke cin ta, don tana ganin yadda Baba yake laluben bango kafin ya kai banɗaki. Damina ta zo ta wuce suna nan. Wata rana na shiga kicin ɗinta na ga gindin tukunya baƙi ƙirin, na fito da ita ina nuna wa Auta. Inna ta ce in mayar mata da abarta, ba ta da lokacin shirme.

Sannu a hankali wasu layuka suka bayyana a tsakiyar kwabon, gajeru, a jere, sun ɗan lanƙwasa. Nan fa gardama ta tashi. Auta ya ce mataji ne, wai mutanen da ma suna gyaran gashi. 'Yata ta ce kifi ne. Ni ƙaguwa na gani. Inna ta ce duk mun yi ƙarya, ayaba ce nono guda, ita da ta yi wata da watanni tana kallonsa ta fi kowa sani. Baba ya kai shi dab da idonsa a cikin rana, ya juya kai dama da hagu yana neman inda ganinsa ya rage, ya ce hazo kawai yake gani. Ya shafa da yatsa ya ce wataƙila gezar doki ce, amma shi kansa bai yarda da maganarsa ba.

Wata safiya Inna ta ajiye tsinke ta ce, "A nan zan tsaya. In na ƙara zan ɓata."

Baba ya yi dariya har da tari. Ya ce a kira masa maƙwabta su zo su ji abin da ya fito daga bakin Sarkin Tsafta.

Ni ce na nemi a kai shi gidan adana kayan tarihi, tunda an ce akwai masu sanin irin waɗannan abubuwa. Muka tafi mu uku, kwabon na naɗe a ƙyalle cikin jakar Inna. A titi kamar kullum tana gaba da nisa, tana waiwayo tana cewa mu ɗaga ƙafa, ni ina riƙe da gwiwar hannun Baba. Aka wuce da mu ta zauren da ake baje kaya zuwa wani ɗan ofis a baya, mai tebur ɗaya da fanka mai ƙara. Wata malama ce a ciki, ba ta wuce sa'ata ba, tabarau na rataye a wuyanta da igiya. Ta ba su kujeru, ta tambayi Baba inda ya tsince shi da zurfin ramin, ya kuwa ba ta labari har da irin ƙasar wurin.

Ta ɗora kwabon a ɗan sikeli, ta auna faɗinsa. Sannan ta kashe wutar sama, ta kunna wata ƙaramar fitila ta kwantar da ita a gefe, yadda hasken zai bi ta kan ƙarfen a kwance. Nan take layukan suka yi inuwa, suka fito fiye da yadda muka taɓa ganinsu. Ta jawo wani ƙaton littafi mai hotuna tana buɗawa tana dubawa, ta koma kan kwabon da madubin ƙara girma, ta sake komawa littafi.

"Baba, ka yi gaskiya, tsohon kuɗi ne," ta ce. "Na jan ƙarfe ne, na wata tsohuwar daula da fatakenta suka yi nisa a duniya. Ya haura shekara dubu nesa ba kusa ba. Ba kuɗin manya ba ne, irin wanda talaka ke shiga kasuwa da shi ne."

Baba ya gyara zama. "Sarkin fa, 'yata? Wane ne?"

Ta juya kwabon zuwa gefen da ke walƙiya. "A nan kansa yake, sunansa kuma a zagaye da shi. Wa ya goge?"

"Ni ce," in ji Inna, ta miƙe wuya kamar mai jiran hukunci.

Malamar ta yi bayani a hankali, ba da faɗa ba. Ta ce in ƙarfe ya daɗe haka a ƙasa, wani lokaci tsatsa kan cinye samansa, hoton ya koma yana zaune a cikin koren nan da muke ɗauka datti ne. In aka kankare koren gaba ɗaya, hoton ya bi shi. Sarakunan daular da suka buga irin wannan suna da yawa, kuma yanzu ba yadda za a yi a san ko wanne ne. Inna ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta.

"Sarkin ya ci zamaninsa," in ji Baba. "Allah bai yi za mu saba ba. Duba mana bayan."

Ta juya shi ta mayar ƙarƙashin fitila. "Wannan gefen kam an yi aiki. Wanda ya yi shi hannunsa da sanyi, ya kuma san inda ake tsayawa. Kai ne, Baba?"

"Ita ce dai."

Malamar ta ɗago ta kalli Inna ta saman tabarau, ta kalli gefen da aka goge, ta sake kallon Inna. Dariya ta ƙwace mini, ita ma ta kasa riƙe tata. Inna ta ce mu yi ta yi, ranarmu ce.

"To mene ne a jiki?" Baba ya tambaya. "Gidanmu an kusa raba gari a kansa. Ayaba ce ko kifi?"

"Hannaye ne biyu, Baba, riƙe da juna. Sukan buga shi in an yi sulhu, ko an ƙulla alkawari."

Inna ta leƙa, ta dafe ƙirji. "La! Ashe yatsu ne! Ni da nake ta share musu tsakani ban sani ba."

Malamar ta matso da fitila, ta sa wa Baba madubin a hannu. Ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa teburin. Ya karkata kai nan, ya karkata can, yana neman ɗan ramin da ya rage masa. Ya daɗe a haka, sannan ya ɗago ya ajiye madubin a hankali.

"Haske nake gani," ya ce. "Ban ga hannu ba."

Shekarun nan duka, man nan duka, sai a zo a makara da 'yan watanni. Ya kai yatsa ya shafa, amma zanen ya suɗe da yawa, fatar yatsan mai haƙa rami kuma ba ta jin ƙaramin abu.

"Yaya suka riƙe?" ya ce. "Gaisawa suke, ko kokawa?"

Malamar ta fara kwatanta masa, ɗaya ya taho ta dama, ɗaya ta hagu, yatsu huɗu sun zagayo ta ƙasa. Baba yana gyaɗa kai irin na mai kara, amma kowa ya san bai gane ba.

Ni dai tun da na yi wayo ban taɓa ganin Inna ta zauna kujera ɗaya da Baba a gabanmu ba, balle ta taɓa shi. Ta kalli kwabon, ta kalle ni, ta kalli malamar. Sai ta ja tsaki ƙasa-ƙasa, ta matso da kujerarta, ta kama hannun damansa ta sa cikin nata. Tana leƙa kwabon tana gyara masa yatsu ɗaya bayan ɗaya.

"Ba haka ba, Malam, sassauta. Waɗannan su zagayo nan. Babban yatsanka a sama, kan nawa. Yauwa. To haka suke."

Fuskar Baba na kallon bango. Na ga yatsunsa suna bin nata a hankali, ya ƙara damƙewa.

"Ashe gaisawa suke," ya ce.

"To ka gani ai. Sake ni, yara na kallo."

"Jira tukuna," in ji Baba.

Ta kuwa jira.